Kwanta In Duba Ki

Shekara goma sha tara na yi ina aikin asibiti a Kaura kafin wannan abu ya faru, kuma duk tsawon shekarun nan babu wanda zai yi tari sau biyu a danginmu ba a kira ni ba. Ni ba likita ba ce, ma'aikaciyar lafiya ce, amma a gidanmu na Zurmi ba a san da wannan bambancin ba. Yaro ya haɗiye ƙwallon dabino ni ce, tsoho ya kasa fitsari ni ce, har akuyar Inna da cikinta ya kumbura sai da aka bugo mani waya. Nakan yi ta mita, ina cewa sun hana ni sakat, amma Allah ya sani daɗin abin nake ji.

A cikinsu duka autarmu ce ta fi zama tawa. Shekara goma sha shida na ba ta. Ni na goye ta, ni na yi mata kitson fari, a ɗakina ta zauna a Kaura har ta gama sakandare, ni kuma na raka ta ɗakin mijinta a Shinkafi. Ko ƙaya ta taka, "Yaya" ne farkon abin da ke fita bakinta. Wannan kiran nake tsoron rasawa, ko da yake a lokacin da wani ya gaya mani haka da sai mun yi faɗa.

Wadda ta shigo tsakaninmu wata nas ce da aka kawo mana daga kudancin Kaduna, Kirista, 'yar siririya, na ba ta shekara goma cur. Kowa Sista yake ce mata. A ɗakin tiyata take, tana taimaka wa mai yi wa marasa lafiya allurar kashe zafi. Ba ta taɓa yi mani komai ba, kuma shi ne babban abin haushin. Kullum da safe sai ta ɗan rusuna ta ce, "Anti, ina kwana," ni kuma in amsa da ƙyar kamar an ja mani haƙori. Likita in zai yi magana da ita sai ya ce, "Sista, me kika gani?" In ya juyo kaina kuwa, "Hajiya, a miƙo fayil." Matan Kaura da ni na yi wa 'ya'yansu rigakafi tun suna zanin goyo, sai su zo su tsaya a gabana suna leƙen bayana, wai ina 'yar nan mai sanyin hannu. To ni nawa hannun garwashi ne?

Da cikin autarmu ya tsufa sai mijinta ya kawo ta wurina, saboda hanyar Shinkafi ba abin da za a dogara da ita ba ne in naƙuda ta taso. Naƙudar kuwa ta zo da gardama. Ranar wata Asabar da hantsi likita ya ce aiki za a yi. Ba a sa ta barci ba, allurar nan ta gadon baya aka yi mata, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Ni aka ce in jira a waje, don ba a barin ɗan'uwa a ciki. Sista ce ta riƙe ta. Aka ciro ɗiya mace lafiya lau.

Da aka fito da ita ta ɗan huta, abin da ta fara ce mani shi ne, "Yaya, matar nan tana da kirki. Kaina ta ɗora a ƙirjinta tana yi mani hira har aka gama soka allurar."

Na ce, "Aikinta ne."

Sau uku ta maimaita mani wannan labari kafin la'asar, sau uku ina ce mata aikinta ne.

Ranar Litinin ta fara cewa kanta na ciwo. Sista ta tafi hutun kwana uku, kuma ban ji zafin tafiyarta ba. Na auna jinin ƙanwata na ga bai hau ba, na ba ta farasitamol. Talata likita ya tambaya ko da wata matsala, ni na riga ta amsawa na ce babu. Aka sallame ta, aka kai ta Zurmi wankan gida tunda haihuwar fari ce. A kwance ta yi tafiyar a kujerar baya, kanta a cinyar Inna, har aka isa ba ta ce kanta na ciwo ba.

Laraba Inna ta kira ni ina bakin aiki, muryarta ba daɗi. Uwar mijin ce ta zo barka daga Shinkafi, da 'yan'uwanta da suka taso tun daga Galadi a kan babura, da buhun gero da kanwa da kaji da atamfa. Tun daga tsakar gida suke jin dariyar maijego, tana kwance ƙawayenta sun kewaye ta ana ta shewa. Da tsohuwar ta yi sallama ta shiga, yarinya ta yi abin da duk ɗiyar kirki za ta yi. Ta yunƙura ta tashi zaune da ɗinkinta da komai, ta gyara mayafi, ta sunkuyar da kai, don a wurinmu ba a gaida suruka a kwance. Kafin a gama gaisuwa sai fuskarta ta canza. Ta dafe ƙeya, ta runtse ido, ta ce haske na damunta, ta koma ta kwanta ta juya wa mutane baya.

Uwar mijin ta ce, "To, ashe mu ne ciwon kan." Ko furar da aka dama masu ba ta sha ba. A bakin zaure ta gaya wa Inna cewa in ranar suna ma haka za a tarbe su, a faɗa masu tun da wuri su yi zamansu gida.

Ina tashi daga aiki na shiga motar Zurmi da jakata. Na tarar da ƙanwata zaune a bakin gado tana ƙoƙarin ba jaririya nono, hawaye na zuba.

Ta ce, "Yaya, in na tashi ne yake..."

Na ce, "Kwanta in duba ki."

Haka nake yi wa kowa. Shekara goma sha tara, duk wanda ya zo gabana kalmar farko ke nan, ya hau gado ya miƙe sannan a yi magana. Ta kwanta. Na buɗe jaka a natse, don Inna da gwaggonmu na tsaye bakin ƙofa kuma ina son su ga aiki. Na auna jini, don abin da na fi tsoro shi ne hawan jinin da ke jawo wa maijego jijjiga. Lafiya lau. Na sa aka kawo fitsarinta na gwada, ba komai. Na auna zafin jiki, babu zazzaɓi. Na lanƙwasa wuyanta har haɓa ta taɓa ƙirji, na cire sanƙarau daga raina. Na soki yatsa na yi gwajin maleriya, muka zauna jiran sakamako. Na duba ɗinki, tsaf yake. Kafin in gama duk wannan har ta fara ba ni labarin wadda ta kawo mata zanin barka mai arha.

Na ce, "Yanzu ya kan?"

Ta ce, "Ya lafa, Yaya."

Ban tambaye ta abin da ta fara faɗa ba. Na fito tsakar gida na ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji ta katanga, na ce babu abin da ke damunta sai shagwaɓar auta. Gwaggo ta ce ko baki ne, a yi mata hayaƙi, na ce ba baki ba hanci, a dai daina biye mata. Na leƙa ɗakin na ce wa ƙanwata, "Ranar Asabar, ranar suna, za ki zauna ki karɓi mutane kamar kowace maijego. Ba za ki kashe aurenki a kan katifa ba." Inna ta yi ajiyar zuciya, tunda likitar gida ta yi magana.

Alhamis Sista ta dawo. Muna ɗakin hutun ma'aikata ina shan shayi ta tambaye ni maijego. Na kwashe labarin na ba ta ina dariya, har da kwaikwayon yadda uwar mijin ta taɓe baki. Ita ba ta yi dariya ba.

Ta ce, "Anti, in ta kwanta ciwon yana tafiya?"

Na ce, "In ta ga dama yana tafiya."

"In ta tashi zaune fa, yana dawowa nan da nan? Ta ce wuyanta na riƙewa, ko tana jin ƙara a kunne?"

Na aje kofin. Ta ci gaba a hankali, kamar mai neman izini. Ta ce wani lokaci hujin da allurar baya ta yi ba ya rufewa da wuri, sai ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka ya riƙa tsiyaya ta nan. In ruwan ya ragu, da mutum ya miƙe kansa zai ɗauki ciwo, in ya kwanta ya lafa. Ba a ganinsa a awon jini ko na fitsari. A bakin mai ciwon ake jinsa.

Wallahi tun kafin ta rufe baki na san gaskiya ta faɗa. An koya mana wannan a makaranta, ya kwanta a wani lungu na kaina ƙura ta rufe. Na tuna tafiyar Zurmi a kwance. Na tuna dariya da ƙawaye a kwance, da gaisuwar suruka a zaune. Na tuna "in na tashi ne" da na katse. Amma abin da ya fito bakina daban.

Na ce, "Sista, tun kina firamare nake duba masu jego."

Ta ce, "Yi haƙuri, Anti. Ki dai gwada."

Ranar sau nawa na ciro waya na nemo lambar ƙanwata, na mayar aljihu. In na kira, me zan ce? In ce wa Inna a bar ta ta kwanta, abin da na faɗa a tsakar gida ba haka ba ne? Za a tambaye ni yadda aka yi na gane, ƙanwata kuma za ta ji sunan wadda ta gane, ta ƙara shi a kan labarin ƙirji da hira. Sai na lallashi kaina. Na ce ai irin wannan ciwo yakan tafi da kansa cikin 'yan kwanaki, wataƙila kafin Asabar ya wuce, in bai wuce ba zan duba ta a ɓoye in gyara abina. Kishi ne, ba wani suna da zan sa masa. Ban taɓa sanin zai iya hana ni danna waya ba sai ranar.

Juma'a Inna ta ƙara mani gishiri a ciwo. Ta ce in gayyato mata Sistar nan suna, maijego sai zancenta take yi. Na isar da saƙon ciki-ciki, na daɗe ina bayanin yadda hanyar Zurmi ta lalace da yadda ake komowa kafin la'asar. Ta ce ba komai, za ta je. Mota ɗaya muka shiga ranar Asabar, tana rungume da ledar sabulu da 'yar riga. A hanya ta tambaye ni ko na gwada, na ce jiki da sauƙi.

Mun tarar da gida ya cika. An riga an raɗa suna da safe, kuma sunana aka sa wa yarinyar, kamar yadda uban ya yi mani alkawari. Mata suka yi ta tsokanata da uwar takwara. Na shiga ɗaki na ga ƙanwata an yi mata ƙunshi, an ɗaura mata ɗankwali ya tashi sama, an zaunar da ita a bakin gado an tokare bayanta da matasai. Tun hantsi take a haka. Duk ayarin matan da ya shigo sai ta ɗago ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Hodar fuskarta ta jiƙe da zufa, leɓenta ya bushe.

Ta kalle ni ta ce, "Yaya."

Ɗakin cike yake da dangin miji. Kalma biyu kawai ake bukata, in ce ta kwanta. Na ce, "Daure, saura kaɗan." Na fita na kama rabon tuwo. Sista kuwa Inna ta riƙe ta a rumfa, ta cika mata gaba da nama da masa tana nuna ta ga ƙawayenta, abin da ya ƙara tsaya mani a wuya.

Dab da azahar muka ji hayaniya. Na shiga da gudu na tarar ta yi amai a kan sabuwar atamfarta ta sulale gefe, uwar mijin na riƙe da jaririya tana salati. Na tsaya da ludayi a hannu. Sista ce ta ratsa ta gefena. Ta roƙi mata su ɗan ba da wuri, ta zare matasan nan duka, ta kwance ɗankwalin, ta miƙar da ita sambal ba ko filo, ta saki labule. Ta karɓi jakata ta sake auna jini da zafin jiki. Sannan ta zauna a ƙasa tana duba agogon hannunta. Can sai ƙanwata ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Sista ta ce da ita, "Gaya mani yadda yake yi maki, daga farko."

Ta faɗa. Ba wanda ya katse ta. Ta ce in ta tashi kamar ana jan kanta ƙasa ta ƙeya, kunnenta na ƙugi, in ta kwanta sai ya sake ta. Abin da ta so gaya mani ke nan ranar Laraba, bai fi numfashi uku ba.

Sai Sista ta juya wurin uwar mijin ta ce, "Mama, matso ki gani da idonki." Ta nemi haƙurin maijego, ta tayar da ita zaune. Muna kallo, kafin a ɗauki wani lokaci goshinta ya tattare, hannunta ya tafi ƙeya. Ta mayar da ita kwance, muka jira, fuskar ta saki. Ta ce wa tsohuwar ƙwaƙwalwa kamar curin fura take a cikin nono, in nonon ya ragu sai curin ya zauna a kan ƙwarya. Ta ce ba raini ba ne kuma ba iska ba ne, ciwo ne da aka sani, kuma yana warkewa.

Uwar mijin ta dubi surukarta. Sannan ta ce, "Allah na tuba. Ashe don ta girmama ni take shan wagga azaba." Ta ɗauki tabarma ta shimfiɗa a bakin ƙofa ta zauna, duk wadda ta zo sai ta ce mata a gaida maijego a kwance, wadda ba ta iya ba ta koma.

Daga nan gida ya juya kan Sista. Wannan ta sa mata albarka, waccan ta ce Allah ya ba ta miji nagari, gwaggo har da cewa ilimi dai ba a shekaru yake ba. Ina tsaye jikin bango kamar wadda ta zo cin arziki, a gidan ubana, ranar sunan takwarata. Ina jin Sista ta hango fuskata ne, don sai ta ɗaga hannu ta ce, "A'a, ba ni ba ce. Anti ce ta fara ganewa. Tun ranar Alhamis muka yi maganar da ita a asibiti."

Rufa mani asiri ta yi niyya, na sani. Mata suka juyo kaina, ai da ma, ai tsohon hannu daban ne. Inna ta washe baki. Ni kuwa ji na yi na ƙara jin haushinta fiye da ɗazu, don ta ɗauki abin da yake nata ta miƙa mani a gaban jama'a kamar sadaka, kuma na karɓa. Na dubi gado. Idon ƙanwata a rufe yake, amma ba barci take ba.

Sista ta kira likitanmu a waya ta yi masa bayani, ya yarda da ita. Ya ce a bar maijego a kwance, ta sha ruwa da yawa da kofi, ya faɗi maganin da za a ba ta. In bai sake ta ba nan da 'yan kwanaki, ko zazzaɓi ya shigo, ko ta fara ganin abu bibbiyu, a kai ta Gusau, inda za a ɗebi jininta a hannu a zuba a gadon bayanta ya toshe hujin. Ba a kai ga haka ba. Kafin Laraba ta zagayo tana zama ta ci abinci, ba abin da ke damunta.

Ranar da ta yi arba'in na je Zurmi don in raka ta Shinkafi. Muna ɗaki mu biyu muna ninke kayan jaririya, ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Yaya, tun Alhamis?"

In na ce ni na gane, to da sanina na bar ta zaune. In na ce ban gane ba, ƙarya ce ita ma. Na duba ko'ina ban ga mafita ba sai gaskiyar.

Na ce, "Ita ta gane. Ta gaya mani ranar Alhamis, na san haka ne, na ƙi kiranki."

"Don mi?"

"Don ita ta faɗa."

Ta ninke 'yar rigar da ke hannunta, wadda Sista ta kawo ce ma, ta sa a akwati. Ta ce, "Allah ya kyauta." Ba ta yi kuka ba, ba ta yi mani faɗa ba, ga shi na fi son ta yi. Muka hau mota muka je Shinkafi, uwar mijin ta tarbe ta har bakin titi.

Har yau Yaya take ce mani. Tana aiko mani da soyayyen nama da sallah, in na je ta ba ni gadonta. Ni ma na canza abu guda. Duk wanda ya zo da ciwon kai, kafin in ce ya hau gado sai na tambaye shi ko akwai bambanci tsakanin kwance da tsaye, in kuma bar shi ya kai ƙarshen maganarsa. Ɗaliban da ake turo mana koyon aiki har rubutawa suke yi a littafi, suna cewa Hajiya akwai gogewa. Ban taɓa gaya masu inda na samo ba.

Takwarata tana wata takwas, wata safiya muka yi kiciɓis da Sista a barandar asibiti. Ta rusuna kamar kullum.

Ta ce, "Anti, ina kwana. Takwararki ta ji sauƙi, zazzaɓin ya sauka. Yanzun nan mamanta ta sake kirana."

Ban ma san yarinyar ba ta da lafiya ba. Na ce, "Alhamdulillahi," na wuce ɗakin allura na turo ƙofa. Na ciro wayata na duba, na ce ko tana jaka ne ban ji ƙararta ba. Na duba na jiya, na duba na shekaranjiya. Babu kiran kowa.